Motar Farko Bayan Digiri: Ado ko Amfani?

Daga cikin burace-buracen da ɗalibi yake ɗauke da su tun ran da ya sa ƙafa a jami'a, samun motar kansa yana sahun gaba. Kafin a kai ga jarrabawar ƙarshe, sai a tarar da yawancin 'yan aji sun riga sun zaɓi irin motar da za su hau, har da launinta, alhali kuwa ko takardar kiran hidimar ƙasa ba ta fito ba. Buri dai ba laifi ba ne. Mota abar bukata ce ga ma'aikaci, musamman a garuruwan da suka buɗe irin su Kano da Kaduna da Abuja, inda mutum kan kwana a wannan gefe na gari ya yi aiki a wancan. Abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne ma'aunin da ake zaɓen motar da shi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ma'auni biyu ne kurum suka dace da sabon ma'aikaci, watau abin da motar za ta riƙa ci masa kowane wata, da kuma yadda za ta kare ransa ran da tsautsayi ya auku. Abin da ya biyo bayan waɗannan ado ne, ado kuwa yana iya jira.

Jiya ba yau ba

Malaman da suka yi karatu a shekarun 1970 sukan ba da labarin zamanin da mai digiri yake fita daga jami'a aiki na jiransa, rancen mota kuma na biye da aikin. Labarin gaskiya ne. A 1974 hukumar Udoji ta miƙa rahotonta, albashin ma'aikatan gwamnati ya ɗaga ƙwarai. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Ikko. A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Saboda haka ƙaramin ma'aikaci yana iya shiga shagon dillalin kamfani ya fito da mota sabuwa fil, wadda kowane makanike ya san ta, kayan gyaranta kuma suna kowane gari.

Daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke biyowa. Daga nan ne harshen Hausa ya sami kalmomi irin su 'yar Kwatano da 'yar Beljiyam. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka aka kawo su, kuma da yawa daga cikinsu ba za su iya cin gwajin lafiyar mota ba a ƙasashen da suka fito. A watan Yuni na 2023 aka sake sakin naira, cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Tun da yake da dala ake sayo motar da kayan gyaranta, farashinsu duka ya bi ta.

Ma'anar wannan ita ce, mai digirin yau ba sabuwar mota yake zaɓe ba. Zaɓensa yana tsakanin motar da ta gama aiki a wata ƙasa, da wadda ta zo nan aka ƙara hawanta shekaru. Cinikin irin wannan kuwa yana bukatar ilmi fiye da wanda magabatansa suka bukata.

Kuɗin saye da kuɗin riƙo

Kuskuren farko da sabon ma'aikaci yake faɗawa ciki shi ne ya ɗauka ran da ya biya kuɗin mota ya gama. A gaskiya ran nan ya fara. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi nan take, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a Abuja. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a 2025 aka fara biyan masu hidimar ƙasa naira 77,000 a wata. Mai karatu ya ajiye waɗannan alƙaluma a gefe ɗaya, sa'an nan ya yi wannan ɗan lissafi.

A ce mutum yana tafiyar kilomita 30 a rana, zuwa aiki da dawowa da 'yan zirga-zirga, watau kilomita 900 ke nan a wata. Idan motarsa ƙarama ce mai filogi huɗu, wadda lita ɗaya take kai ta kilomita 10 cikin gari, zai sha lita 90. A kan naira 1,000 kowace lita, naira 90,000 ke nan. Idan kuwa babba ce mai filogi shida, wadda lita ɗaya take kai ta kilomita 7, zai sha lita kusan 129, watau naira 129,000. Bambancin nan na naira 39,000 kowane wata, a shekara ya doshi rabin miliyan. Wannan fa kuɗin fetur ne tsurarsa. Ba a sa juyen baƙin mai ba, ba a sa taya da batir da birki ba, ba a sa sabunta takardu ba. Inshorar da doka ta wajabta, wadda aka mai da ita naira 15,000 ga motar gida daga farkon 2023, ɓarnar da mai mota ya yi wa wani take biya, ba ta gyara tasa motar.

Ga kuma maganar kayan gyara. Dalilin da ya sa motoci irin su Toyota Corolla da Honda Civic suke riƙe farashinsu a kasuwa shi ne yawansu a kan hanya. Abin da ya yawaita, kayansa sukan yawaita, masu gyaransa ma haka. Akasin wannan ita ce babbar motar alfarma da ta tsufa, wadda akan sayar da ita da araha har mutum ya yi mamaki. Arahar tana da dalili: mai ita ya gaji da ciyar da ita. Ran da wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikinta, sai an aika Ikko ko ƙasar waje, motar kuma ta kwanta a gareji ƙura na rufe ta, mai ita ya koma hawan haya yana biyan bashinta. Masu iya magana sun ce wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka.

Bashi shi ne rami na uku. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa a saman wannan suke ɗora nasu. Mota kullum tsufa take yi. Cin bashi mai irin wannan nauyi a kan abin da yake tsufa, ga wanda ko tabbatar da shi a aiki ba a yi ba, ganganci ne. Adashi da tanadin wata-wata da ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki sun fi jinkiri, amma ba su hana barci.

Abin da yake kare rai

Ma'auni na biyu shi ne wanda aka fi mantawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Sabon mai digiri yana cikin wannan rukuni. Duk da haka, in aka saurari yadda ake yabon mota a majalisa, za a ji maganar sanyin na'urarta da ƙarar rediyonta da ƙyallin fentinta, da wuya a ji wanda ya tambayi yadda za ta kasance in ta yi karo.

Abubuwan da suke ceton rai a mota sanannu ne. Na farko shi ne bel ɗin kujera. Irin wanda ake amfani da shi yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwa har da rabi. Mai saye ya ja kowane bel da ƙarfi ya ga ko yana cijewa, har da na kujerun baya. Na biyu shi ne jakar iska, wadda take fitowa daga sitiyari da gaban fasinja a lokacin karo. Na uku shi ne birkin da ake kira ABS, wanda yake hana taya kullewa in an taka birki da gaggawa, domin direba ya iya ci gaba da juya sitiyari. Na huɗu shi ne na'urar hana zamewa, wadda aka sani da ESC, Toyota kuma take kira VSC, Honda take kira VSA. Aikinta shi ne, da zarar mota ta fara kubcewa a kwana ko a kan santsi, sai ta kama birkin tayar da ta dace ita kaɗai, ta mai do da motar kan hanya kafin direba ya ankara. Saboda amfaninta aka wajabta ta a kan ƙananan motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Wannan ya ba mai saye ma'auni mai sauƙi: motar Amurka ƙirar 2012 zuwa sama tana da ita, wadda ta girme wannan kuwa sai an bincika.

Na biyar shi ne ginin jikin motar, wanda ido ba ya iya aunawa. Tun 1997 ake da hukumar Euro NCAP a Turai, wadda take gwara motoci da gangan ta ba su taurari, sakamakon kuma yana nan kyauta a intanet ga mai son dubawa. A 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada wata a-kori-kura ƙirar Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu. Motar tana da jakunkunan iska, ga ta da siffar ƙarfi, amma ko tauraro ɗaya ba ta samu ba wajen kare manya, domin ɗakin da mutane suke zaune ya lotse. Ashe ƙirar jiki da sabunta ba su isa shaida ba.

Tarkunan kasuwa

Ko da mota ta fito daga kamfani da dukkan waɗannan, abin tambaya shi ne ko suna nan har yanzu. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka, a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye aka saye su. A nan ake miƙe ƙarfen, a cike lotsawar, a fesa fenti. Jakar iskar da ta fashe tana da tsada, don haka wasu sukan manne murfin kawai su bar ramin fanko, su cire ƙwan fitilar gargaɗi. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta ABS dole su kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi su mutu. Wadda ba ta kama ba sam an taɓa ta, wadda ta ƙi mutuwa kuma akwai matsala. Motar ambaliya kuwa takan tona asirinta da warin ruma, da tsatsa a ƙarƙashin kujeru, da busasshen taɓo a ramin safayar taya.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba, ɓangaren direba. Da wannan lamba ake binciken tarihin motar da ta fito daga Amurka. Da ita kuma ake gane ko motar tana cikin waɗanda aka yi kiranye saboda jakunkunan iska na kamfanin Takata. Sinadarin da yake hura waɗannan jakunkuna yakan lalace a wuri mai zafi da laima, ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. A Amurka kaɗai an yi kiranyen wajen miliyan 67, kamfanin kuma ya karye a 2017. Abin ya shafi Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, watau ainihin motocin da suka cika kasuwannin ƙasar nan.

Akwai kuma motar da aka juya wa sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilu 1972, saboda haka motar da aka ƙera domin Ingila ko Japan sitiyarinta yana ɓangaren da bai dace ba. Masu juyawa sukan yanke su yi walda a sassan da suke riƙe da sitiyari da birki, inda kamfani bai tsara a taɓa ba. Irin wannan mota ko kyauta aka bayar a bar ta. Taya ma tana da shekaru. A gefenta akwai alƙaluma huɗu: alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin mota da yawa suna ba da shawarar a canza taya in ta kai shekara shida ko da zanenta bai cinye ba, domin roba takan bushe ta tsage, zafin kwalta kuma yakan ƙarasa ta.

Daga ƙarshe, takardu. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, motocin fasa-ƙwauri kuwa ba su daina shigowa ba. Wanda ya sayi mota ba tare da tantance takardun kwastan ba, yana iya rasa ta a shinge ɗaya. Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya je da makanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa tana cikin a yi ciniki. A gwada motar da rana, a kan hanya mai ɗan nisa, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu.

Hujjojin masu ja

Wani zai ce ai babbar mota ta fi kare rai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin in babba da ƙarama suka yi karo, na cikin ƙaramar sun fi jin jiki. To, amma tsohuwar jif mai tsayi wadda ba ta da na'urar hana zamewa ta fi saurin kifewa, kuma wanda fetur ya cinye wa albashi shi ne yake ƙarewa da sayen tsofaffin tayoyi da ɗage gyaran birki. Matsakaiciyar mota mai filogi huɗu, wadda mai ita yake iya kula da ita, ta fi babbar da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Wani kuma zai ce mai ƙaramin albashi ba shi da kuɗin ƙirar 2012, in an ce ya jira, babur zai riƙa hawa, babur kuwa ya fi kowace mota haɗari. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin fiye da rabin masu mutuwa a hanyoyin duniya masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. Amsar ita ce a jera bukatu bisa matsayinsu. Wanda ƙarfinsa bai kai ga na'urar hana zamewa ba, kada ya sauka ƙasa da jikin da bai taɓa yin mummunan haɗari ba, da bel mai aiki, da jakunkunan iska na gaske, da ABS, da tayoyi masu sauran shekaru. Kuma kada ya zuba dukkan abin da ya tara a farashin saye, ya bar wani kaso domin gyaran watan farko, wanda tsohuwar mota ba ta rasa shi.

Hujja ta uku ita ce ta idon jama'a. An ce ɗan boko da ya dawo gida da ƙaramar mota ya ba da kunya, har a gidan surukai. Gaskiya ne al'umma tana auna mutum da abin hawansa, amma masu tafi ran da aka kawo mota ba su ne suke zuba mata mai ba. Iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya kuɗin makaranta, da ƙannen da suke jiran a ɗauki nauyin nasu karatun, su ne suke biyan farashin wannan ado. Hujja ta huɗu ita ce cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Babu mai musun ƙaddara, amma wanda yake kulle ƙofarsa da dare, yake shan magani in ya yi zazzaɓi, ya riga ya yarda da riƙo da sababi. Ɗaura bel da duba birki daga cikin sababin suke.

Kammalawa

Mota mafi inganci ba ta ceton direban da bai iya tuƙi ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun Janairu 2003 take tilasta ɗaura bel, iyakar gudun motar gida a babbar hanya kuma kilomita 100 ne a awa. Ƙarfin karo yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, watau mai gudun 120 zai bugu da ƙarfi huɗun na mai gudun 60. Saboda haka kuɗin makarantar koyon tuƙi da lasin na gaskiya suna cikin farashin motar farko, a lissafa su tun kafin a je kasuwa.

Ɗalibin da ya shafe shekara huɗu ana koya masa kada ya karɓi magana sai da hujja, bai kamata ya ajiye wannan tarbiyya a bakin ƙofar dillali ba. Ya tambayi shekarar ƙira, ya duba lambar shasi, ya karanta gefen taya, ya yi lissafin man wata kafin ya taya. Motar farko aikinta ta kai shi ofis ta dawo da shi gida lafiya, ta bar masa abin cefane da abin aika wa iyaye. Ta alfarma tana nan tafe in an yi tsawon rai. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya kiyaye hanya.